Gaisuwar Da Na Yi A Kwance A Hanyar Ngong

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ina so in manta, da ranar Lahadin da na gaida surukina ina kwance a kan titi, tafin ƙafata yana kallon fuskarsa. (A lokacin bai gama zama surukin nawa ba, saura kwana biyar danginsa su zo gidanmu a sa rana.) Yau mako uku ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na ji kukan saniya sai kofi ya nemi kuɓuce mini. Mutanen gidanmu sun gaji da jin labarin, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta.

Sai na fara da wani abin kunyar kafin babban: ni ban iya keke ba. A Garwa aka haife ni, a Garwa na yi lise, wato sakandare, har na gama, garin da tsoho da yaro kowa ke kan keke ko babur, amma ni sau ɗaya na taɓa gwadawa, na ƙare a cikin kwatar unguwarmu, ban sake ba. Wadda ta san wannan sirrin nawa ita ce Madam Marta, malamarmu ta wasanni, Kirista ce daga duwatsun wajen Mokolo, Hausarta ta kasuwa ce gauraye da Faransanci, ba ta san wani abu wai shi rarrashi ba. Mijinta mai walda ne. Wata shekara wani Bature matafiyi ya kawo masa gyaran wani irin keke, ya ƙare masa kallo, bayan Baturen ya wuce ya zauna ya ƙera wa matarsa irinsa.

Keken kwance muke ce masa. Ƙafa uku gare shi, biyu a gaba ɗaya a baya. Ba hawansa ake yi ba, shiga ake yi a kishingiɗa kamar a kujerar shan iska, gindinka bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Feda tana can gaba, sama da ƙugunka, sai ka miƙe ƙafafu ka zura su cikin maɗauri, don in ƙafa ta zame ta taɓa titi keken zai bi ta kanta. Hannuwan tuƙi da birki suna gefen cinyoyi. Sarƙar kuwa doguwa ce, tun daga feda take bi ta ƙarƙashin kujera har ƙafar baya. A bayan kujera akwai siririyar sanda mai jar tuta, saboda direbobin manyan motoci su san akwai ɗan Adam a ƙasa. Babban abin da ya ja ni gare shi shi ne ba ya faɗuwa. Aibinsa ɗaya, ba ya tsayuwa da kansa. In za ka sauka dole ka naɗe hannun birki da wata roba da aka yanko daga tsohon tub na taya, in ba haka ba ya kama gabansa. Madam ta faɗa mini maganar robar nan ya fi sau hamsin.

Akwai wasu masu son keke a garinmu da ke yin doguwar tafiya duk shekara bayan ɗaukewar ruwa, daga Garwa zuwa Ngawundere, kwana uku. Ba tsere ba ne, ba a ba na ɗaya komai. Kati ake ba kowa, a kowane zango a buga masa hatimi, wanda ya gaza kuma akwai motar da ke bin baya tana kwashewa, suna kiranta motar tsintsiya. Madam ta yi tafiyar sau biyu. Bana gwiwarta ta hana ta, ta ce ba za ta bar kekenta ya kwana a gida ba, kuma ba za ta ba namiji ba, don kada a ce mace ta daina zuwa. Haka ta same ni. Wata biyu tana fitar da ni bayan sallar asuba ina zagaye bayan gari, ita tana bina a babur tana yi mini tsawa. Innata ta yarda ne kawai don Madam za ta kasance a cikin motar tsintsiya. Babana mahauci ne, in ya fita mayanka da duhu-duhu sai yamma, aka ce masa zan raka malamata Ngawundere, bai tambayi a kan me za a tafi ba, mu ma ba mu ƙara masa bayani ba.

Saura Usmanu, wanda zan aura. Shi dariya ya yi da na gaya masa, har ya zo ya gwada kwanciya a keken. Amma da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce abu ɗaya yake roƙona, kada labari ya kai kunnen Baba. Mahaifinsa (ba zan kama sunansa ba, ku yi haƙuri, Alhaji zan riƙa cewa) dillalin shanu ne, a wajensa babana ke sayen dabba tun kafin a haife ni. Mutum ne mara yawan magana, rabinsa Bafulatani, irin waɗanda kunya ce tufarsu. Usmanu ɗansa ne na fari, saboda haka ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce "yaron nan". An taɓa neman wa ƙanin Usmanu wata yarinya, Alhaji ya gan ta tana cin rake a tsaye a bakin hanya tana tofar da ɓawo, bai ce uffan ba, maganar auren ce kawai ba ta sake tashi ba. Wannan labarin kowa ya san shi a unguwarmu, ni ma na san shi.

Sai na zauna na yi lissafina irin na wadda ta yi makaranta. Hanyar Ngawundere ta Ngong take bi, Alhaji kuma ba ya fashin kasuwar shanu ta Ngong. To amma kasuwar Litinin take ci, mu kuwa Lahadi za mu wuce. Na ce shi ke nan, tsakanina da shi akwai kwana guda cur. Ni 'yar mahauci, wadda ta tashi da kuɗin nama, ban taɓa tambayar kaina ba yaya shanun ke isa kasuwa ran Litinin da sassafe. Ashe ba fiffike gare su ba. Tun Lahadi ake kora su a ƙafa.

Duk da haka na yi shirin ɓuya. Na sa hijabi, na ɗora hular kwano a kai, na sa baƙin tabarau, na ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Na sa wandon wasanni har idon sawu, sannan na ɗaura zani a kansa, atamfata kore mai zanen fitilu ruwan ɗorawa. Madam ta dube ni ta ce in cire zanin, sarƙa ba ta san mutunci ba. Na ce wallahi sai dai a fasa tafiyar, ba zan ratsa Garwa ƙafafu a sama da wando zalla ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta tattare mini bakin zanin ta cusa a ƙarƙashin cinyata, ta ce to kada in kuskura in motsa shi.

Mun tashi gari na wayewa, mu wajen talatin, ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce a kwance. Da muka hau gadar Binuwai na ga abin da ban taɓa gani ba, wato duniya daga ƙasa. Ruwan kogi ta tsakanin ƙarafan gada nake hango shi, akuya idonta daidai nawa, in babbar mota ta zo wucewa tayarta ta fi ni tsawo, iskarta ta kaɗa tutata har ta taɓa mini hula. Da rana ta ɗaga, zafin kwalta ya riƙa bugo ni ta baya kamar an kwantar da ni a kan tanda. A hawa kowa ya wuce ni, don keken nan nauyi gare shi, ba kuma damar miƙewa a taka da ƙarfin jiki. A gangara kuwa ni ke wuce su kamar an harba ni, ina jin mazan suna ihu a bayana. Gaskiya na ji daɗi. Wannan ma sai na faɗa, don kada a ɗauka tun farko a tsorace nake.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda mutanen ƙauyuka suka ɗauke ni. Su keke mai ƙafa uku na guragu suka sani, saboda haka duk inda na bi sai sannu da addu'a. A wani ƙauye da muka tsaya shan ruwa wata tsohuwa ta zo ta zuba mini dafaffiyar gyaɗa a cinya, ta yi ta yi mini addu'ar samun lafiya da Fulatanci, tana tsine wa waɗanda suka fito da ni cikin rana. Na rasa yadda zan yi mata bayani, na ce useko, na gode, na cinye gyaɗar. Ban tashi tsaye ba sai da ta ɓace, don kada in ba ta kunya.

Wajen hantsi ne, saura kaɗan mu shiga Ngong, na kai ƙarshen wani dogon hawa. Sauran mahaya sun yi nisa, motar tsintsiya kuma ta tsaya can baya wajen wani da tayarsa ta fashe. Ina kaiwa kan tudun na tarar hanya a toshe. Shanu ne, garke guda, jajaye masu dogayen ƙahoni da farare, suna tsallaka titi a gangaren da ke gabana, makiyaya uku manya suna kora su. Na damƙe birki na tsaya. Ina kallon cikkunansu daga ƙasa ina cewa a raina ashe haka saniya take da girma, sai na ji muryar da na sani a gefen dama.

Yana tsaye a bakin titi, bai fi taku biyar daga inda nake ba. Farar riga, farin hirami a kafaɗa, sanda a hannu, yana duban ƙafafun wata saniya da ke ɗingishi. Alhaji ne.

Ya juyo ya dube ni. Ya dubi keken, ya dubi tutar, ya dubi ƙafafuna da ke ɗaure a sama. Na ga fuskarsa ta yi laushi irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Sannu baiwar Allah. Allah ya ƙara sauƙi." Sannan ya ɗaga sanda ya yi wa makiyayan magana da Fulatanci, su tsayar da na baya su buɗe wa mai lalura hanya.

Ku lura da kyau, don a nan wautar take. Bai gane ni ba. Ba yadda za a yi ya gane ni, ko Innata ba za ta gane ni ba a cikin wannan shiga. Hanya ta buɗe, faɗinta ya ishe ni. Abin da ya rage kawai in ɗaga masa hannu kamar kowace baƙuwa, in saki birki, gangara ta yi sauran aikin. Kaina ya san haka sarai, har yana ce mini tafi, tafi.

Jikina ne ya ƙi. Tun ina shekara huɗu ake dukan ƙeyata a kan in ga babba in durƙusa. Ban taɓa wuce ko maƙwabcinmu a tsaye ba, balle uban wanda zan aura, balle a kwance, balle ina nuna masa tafin ƙafa. Kafin in ankara na ji bakina, ta cikin ƙyallen, da muryata ta gida wadda ya saba ji in na kai masa ruwa a zaurenmu, yana cewa, "Baba, ina kwana." A lokaci guda na zare ƙafar dama daga maɗauri, na saki hannuwan tuƙi duka biyu don in dafa ƙasa in durƙusa, domin ai ba a gaida suruki hannu na riƙe da wani abu.

Robar tana nan rataye a jikin hannun birki, tana lilo. Na gan ta da idona lokacin da keken ya fara tafiya.

Abin da ya biyo baya bai fi a ƙirga goma ba, amma ina iya ba da shi dalla-dalla. Yunƙurin da na yi ya saki bakin zanin da Madam ta cusa. Ƙafata ta hagu tana cikin maɗauri, na taka feda da ita ban sani ba, sarƙa ta cafke zanin ta ja shi ƙarƙashin kujera, ta mayar da ni kwance da ƙarfi kamar an fizgo ni. Na lalubi birki, hannuna ya kama iska. Keken ya gangara, ba ta hanyar da aka buɗe mini ba, ta tsakiyar garken. Na ga ƙafafu, na ga hantsa, na ga wutsiya ta share mini tabarau ta tafi da shi. Ƙasa tana rawa da kofato ta ko'ina. Sandar tutata ta lanƙwashe a ƙarƙashin wuyan wata saniya, ta dawo ta zabga wa wani jan bijimi a hanci. Ya sunkuyar da kai. Na ga ƙahonsa ya taho daidai fuskata, na rufe ido, na ji ƙaras a bayan kaina. Tutar ya ɗauka. Da ya yi ƙasa da taƙi ɗaya, da ba ni ke rubuta wannan ba.

A cikin wannan halin ne na yi ihu. Mutum zai zaci sunan Allah zan kira, ko na Innata. A'a. Da dukan ƙarfina, a gaban mahaifinsa da makiyaya uku, na ƙwala, "Usmanu!" Sunan da ni ban taɓa faɗa a gaban ko ƙanwarsa ba, sunan da shi kansa Alhaji ya shekara ashirin da bakwai yana kauce wa.

Ƙafar keken ta hagu ta faɗa cikin yashin gefen titi, ya juya kamar maɓurgi, ya tsaya cak yana fuskantar tudun da na baro. Shanu suka watse cikin gonar auduga. Ƙyallen fuskata ya koma wuya, hular kwano ta karkace ta rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan idon na ga Alhaji ya iso da gudu (ban taɓa sanin yana gudu ba), ya tsaya daidai saitin ƙafafuna, ɗaya a ɗaure a sama, ɗaya tana reto babu takalmi. Muka haɗa ido. Na ga lokacin da ya tabbatar babu jini, na kuma ga lokacin da ya tabbatar ni ce.

Sai ya juya mini baya. A hankali, kamar wanda aka kira daga wani wuri, ya fuskanci gonar auduga ya tsaya.

Na yi ƙoƙarin tashi, zani ya ce ban isa ba, rabinsa yana cikin sarƙa ya ɗaure ni da kujera tamau. Makiyayan suka ga maigidansu ya juya, su ma suka juya. Aka bar ni da bayan mutum huɗu. Ni kuma na riga na fara gaisuwa ban ƙarasa ba, ban san wani abin da ake yi da gaisuwar da aka fara ba in ba ƙarasawa ba. Saboda haka daga kwancen na sake cewa, "Baba, ina kwana."

Ya amsa wa gonar auduga, "Lafiya lau. An tashi lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ya tambayi mutanen gida, na ce suna lafiya. Ya tambayi mahaifina da kasuwa, na ce alhamdu lillahi. Ya tambayi jikin Innata, don ya ji ta yi fama da haƙori, na ce da sauƙi. Ya ce ya gajiya, na ce babu gajiya. (Babu gajiya! Kashin shanu har cikin kunnena.) Bai tsallake ko ɗaya ba, ni ma ban tsallake ba, muka yi ta tsaf kamar a zaurenmu muke ina durƙushe a bakin ƙofa.

A haka motar tsintsiya ta same mu. Madam ta diro tana ɗingishi, ta tattaɓa ni daga kai har ƙafa, da ta ga ban karye ba sai ta koma halinta. Ta ɗago robar nan ta kaɗa mini a fuska, ta ce, "Wannan ado ne? Sau nawa na gaya miki, in za ki sauka ki ɗaure shi tukuna?" Ta ja zanin, ya ƙi fita. Ta ɗaga murya ta tambaya ko akwai mai wuƙa a cikin mutanen nan da suka ba mu baya kamar masu fitsari. Ita ba ta san ko wane ne Alhaji ba. Na so ƙasa ta buɗe a lokacin, amma ƙasar ma ina kanta ne a kwance.

Alhaji bai juyo ba. Ya zaro wuƙa daga ƙugunsa, ya miƙo ta ta baya, ƙota gaba. Madam ta karɓa ta yanke zanin biyu, ta zare na cikin sarƙa ta jefar a titi, abin da ya rage a jikina bai kai ɗankwali ba. Sai a lokacin na tashi tsaye, da wando. Na san wando tufa ne, na yi makaranta. Amma a gaban wannan mutumin, ko bayansa ne, ji na yi kamar ba komai a jikina. Ban san yadda ya sani ba tunda bai duba ba, sai gani na yi ya zare hiramin kafaɗarsa ya sake shi a ƙasa ta bayansa, ya yi gaba taku uku. Na ɗauka na ɗaura. Sannan na durƙusa, a makare, ga bayansa.

Ɗaya daga makiyayan ya dawo da tutata daga cikin gona, sandar ta karye rabi. Madam ta ɗaure ta da waya. Alhaji ya ce, har yanzu da gonar yake magana, "Madam, rana tana yi. Ku kama hanya, Allah ya kiyaye." Ya bi shanunsa.

Madam ta ce in shiga mota a mayar da ni gida. Na ce a'a. Mutane sun yi ta yaba mini a kan wannan, wai na yi jarumta, bayan abin da ya same ni na ci gaba. Bari in faɗi gaskiya: Garwa nake tsoro. Duk taka feda ɗaya tana ƙara nisa tsakanina da ranar Juma'a ta sa rana, shi ya sa na yi ta takawa. Kwana uku ina tafe da hiramin Alhaji a ƙuguna, an ɗaure bakinsa da igiya a gwiwa. Ban ga dajin da ake ta nuna mini ba, ban ga birai ba. Yarinyar nan mai rake kawai nake gani. Ita fa rake kawai ta ci. A babban hawan dutsen da ke kafin Ngawundere na yi kuka ina takawa, mahaya suka ɗauka zafin cinya ne. Ni ce ta ƙarshe da ta shiga gari, motar tsintsiya tana bina kamar rakiyar gawa, aka buga mini hatimin ƙarshe ana tafi. A nan na kunna wayata na ga saƙon Usmanu: Baba ya dawo daga Ngong, bai ce komai ba, lafiya dai ko? Na kashe wayar. A gidansu rashin cewa komai shi ne hukuncin.

Ran Laraba na dawo a motar haya, na gaya wa Innata komai. Ta zauna a bakin gado, sannan ta ce sunan ma sai da na kira? Na ce sai da na kira. Ran Juma'a aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi kamar yadda aka shirya, babana yana ta fara'a don shi bai san komai ba. Ni ina ɗaki, ina jin kowane babur da ya wuce. La'asar ta yi ba su zo ba. Na riga na fara tsara yadda zan gaya wa babana dalili, sai na ji sallama a ƙofar gida, muryoyin maza da yawa.

An sa rana, bayan babbar salla. Alhaji bai zo ba, dama uba ba ya zuwa, ƙannensa ne suka zo. Amma bayan maza sun watse, ƙanwarsa Goggo Dija ta shigo cikin gida da ƙunshi a leda, ta ce a kira mata ni. Na zo na durƙusa (a ƙasa mai kyau, wadda ba ta tafiya). Ta buɗe ledar. Turmin atamfa ne, kore mai zanen fitilu ruwan ɗorawa. Ta ce yayanta ya ba ta wani yanki duk baƙin mai, ya ce ta nemo irinsa, kwana biyu tana yawo a babbar kasuwa, ita ba ta san dalili ba kuma ba ta tambaya ba. Daga ƙarƙashin atamfar ta zaro wata gajeriyar igiya sabuwa, tuƙaƙƙiya da kyau, dabaibayi ne irin wanda ake sa wa dabba a ƙafa don kada ta yi nisa. Ta ce wannan kuma na abin hawan ne, da saƙo.

"Ya ce a gaya wa mai shi, ko jaki ne, sai an ɗaure shi ake gaisuwa. Babba yana iya jira."

Ta dube ni ta dubi Innata, ta ce ko akwai wanda zai yi mata bayani. Innata ta ce a kawo wa Goggo kunu.

Dabaibayin yana jikin keken Madam yanzu, ta cire robar ta sa shi, ta ce ya fi riƙo. Hiramin kuwa na wanke shi na goge, yana ƙasan akwatina, na rasa yadda zan mayar. In na mayar, na yarda ke nan cewa an yi abin, alhali ni da Alhaji mun riga mun daidaita, ba tare da mun ce wa juna komai ba, a kan cewa ranar Lahadin nan gaisawa kawai muka yi. Abin da na koya bai da yawa. Ladabi abu ne mai kyau, ban fasa ba, gobe ma in na gan shi zan durƙusa. Sai dai yanzu kafin gwiwata ta kai ƙasa, nakan duba in ga mene ne zai gudu in na sake shi.